Yadda ake bin diddigin ƙararrawar numfashi a na'urar sa barci ana tsakiyar tiyata

Na'urar sa barci ta zamani tana auna abubuwa da dama a lokaci guda, amma duk sa'ad da ta yi ƙara abu ɗaya tak take faɗa, wato wani adadi ya ƙetare iyakar da aka sa masa. Ba ta san ko bututu ne ya zare ba, ko majiyyaci ne ya ciji bututun maƙogwaronsa, ko kuwa raɓa ce ta taru a ma'aunin iska har ya soma ba da lissafin ƙarya. Gano dalilin yana wuyan mai sa barci, kuma lokacin da yake da shi kaɗan ne, domin majiyyacin da aka bai wa maganin sassauta tsoka ba zai iya jan numfashi ko ɗaya da kansa ba, kuma oksijin ɗin da ke ajiye a huhunsa na 'yan mintuna ne, ya ma fi saurin ƙarewa ga jarirai da masu juna biyu da masu ƙiba sosai. An rubuta wannan jagora domin waɗanda aka horar a kan aikin sa barci, kuma tsarinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe: a fara tabbatar da cewa iska tana shiga huhu ta kowace hanya, sannan a raba matsalar gida biyu, ta majiyyaci ce ko ta na'ura, kafin a tsaya neman ainihin abin da ya lalace.

Minti na farko

Da jin ƙarar, ka karanta saƙon da ke kan allo kafin ka danna maɓallin yin shiru, domin a yawancin na'urori wannan maɓalli yana kashe ƙarar har tsawon minti 2, kuma minti 2 sun isa majiyyaci ya shiga hatsari alhali ɗakin yana tsit. Daga nan ka dubi abubuwa uku a jere: ƙirjin majiyyaci yana ɗagawa ko ba ya ɗagawa, zanen kabon dayoksaid, wato layin da allo ke nunawa na iskar da majiyyaci ke fitarwa, yana fitowa da kowane numfashi ko ya kwanta, sai kuma adadin oksijin na jini da ma'aunin yatsa yake nunawa. Na ƙarshen nan shi ne ya fi yaudara, domin yana iya tsayawa a kan kashi 99 na ɗan lokaci bayan numfashi ya yanke gaba ɗaya, saboda haka kyawunsa bai isa ya kwantar maka da hankali ba. Zanen kabon shi ne yake faɗin gaskiya nan take.

Idan akwai ko da ɗan kokwanto, ka mayar da oksijin zuwa kashi 100, ka ƙara yawan sabuwar iska, ka juya na'urar daga bentileta, wato sashen da ke hura wa majiyyaci numfashi da kansa, zuwa jakar numfashi, ka daidaita bawul ɗin APL, wato bawul ɗin da ke sakin rarar matsi, sannan ka matsa jakar da hannunka. Wannan mataki yana yin aiki biyu a lokaci guda: ya fitar da bentileta daga lissafi, kuma ya sa hannunka ya ji abin da allo ba zai iya bayyanawa ba. Abu uku ne za su iya faruwa. Idan jakar ta cika, ƙirji ya ɗaga cikin sauƙi, zanen kabon ya dawo, to laifin yana cikin bentileta ko yadda aka saita ta, kuma kana da sararin bincike a natse. Idan jakar ta ƙi cika, ko ta cika amma ta sace da zarar ka matsa ba tare da ƙirji ya motsa ba, to akwai yoyon iska. Idan kuwa ta cika ta yi tauri har ba ta matsuwa, to akwai toshewa, ko kuma huhu ko ƙirji sun ƙi buɗewa.

A daidai wannan lokaci ya kamata ka sanar da likitan tiyata da kalmomi bayyanannu cewa numfashi ya sami matsala, ka kuma aika a kira mataimaki. Likitan tiyata yana iya kasancewa shi ne sanadi ba tare da ya sani ba, ta hanyar jingina a kan ƙirji ko danne bututu, kuma ko da ba shi ba ne, dakatawarsa tana rage abubuwan da suke canzawa yayin da kake bincike.

Idan jakar na'urar ba ta ba ka numfashi mai gamsarwa ba bayan ka matsa ta sau kaɗan, kada ka ci gaba da kokawa da ita. Ka cire da'irar numfashi, wato bututan da ke haɗa na'ura da majiyyaci, gaba ɗaya, har da filtar da ke bakin bututu da kowane ɗan mahaɗi, ka haɗa jakar Ambu, wato jakar numfashi ta hannu mai cika kanta, kai tsaye da bututun maƙogwaro, da oksijin daga wata silinda ta daban. Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama. Idan numfashi ya yi sauƙi da jakar Ambu, laifin yana cikin na'ura ko da'irarta ko filtar. Idan har yanzu da wuya, to matsalar tana cikin bututun maƙogwaro ko a jikin majiyyaci, kuma duk wani lokacin da za a ɓata a kan na'urar asara ce. Abin da ake yawan mantawa a nan shi ne, da zarar an raba majiyyaci da na'urar, maganin sa barci na shaƙa ya daina isa gare shi, alhali maganin sassauta tsoka yana nan yana aiki. Dole ne a ci gaba da sa shi barci ta jijiya, da furofofol ko wani maganin da ya dace da yanayin jininsa, don kada ya farka ana yanka shi ba shi da ikon motsi.

Ƙararrawar ƙarancin matsi, ƙarancin iska ko tsayawar numfashi

Waɗannan ƙararrawa uku sukan zo tare, kuma ma'anarsu ɗaya ce har sai an tabbatar da akasin haka: iskar da na'ura take turawa ba ta isa huhu. Mafi yawan sanadi shi ne cirewar mahaɗi, kuma wurin da ya fi cirewa shi ne inda da'irar ta haɗu da bututun maƙogwaro, musamman bayan an juya majiyyaci, ko an motsa teburin tiyata, ko kuma a aikin kai da wuya inda mahaɗin yake ɓoye a ƙarƙashin zannuwan tiyata. Saboda haka bincike yana farawa daga bakin majiyyaci, da hannu ba da ido kaɗai ba, a bi bututun ana taɓa kowane mahaɗi har a kai ga na'ura. A kan hanya ka duba siririn bututun da ke ɗaukar samfurin iska zuwa ma'aunin kabon, da ƙaramar ƙofar da yake shiga, domin murfin da ya faɗi a nan yana haifar da yoyo mai wuyar gani.

Idan mahaɗai duka suna nan daram, sai ka koma kan hanyar iskar kanta. Ka saurari wuyan majiyyaci ko za ka ji iska tana fita ta baki, ka auna matsin ƙaramin balan-balan ɗin da ke toshe gefen bututun maƙogwaro, wanda ya kamata ya kasance tsakanin santimita 20 zuwa 30 na ruwa. Balan-balan ɗin da ke neman ƙarin iska a kai a kai ba lallai ne ya fashe ba. Sau da yawa bututun ne ya zame sama har balan-balan ɗin ya zauna a tsakanin igiyoyin murya, kuma ƙara masa iska yana ƙara turo shi waje ne kawai. Ka duba lambar da ke daidai haƙora ka kwatanta da wadda ka rubuta tun farko, idan kuma akwai shakka ka leƙa da laringoskof, wato abin leƙa maƙogwaro mai fitila. Idan abin rufe maƙoshi na LMA ake amfani da shi, ka tuna cewa yana iya sakin iska ta gefe idan barci ya yi sauƙi ko matsi ya ƙaru, don haka yoyon da kake ji yana iya zama alamar toshewa a ƙasa. Akwai kuma wani sanadi da ba a cika tunawa da shi ba, wato bututun ciki da aka zura ta hanci ya ɓace hanya ya shiga maƙogwaro. Idan aka haɗa shi da na'urar zuƙa zai kwashe iskar huhu, jakar numfashi ta shafe.

Sai na'urar kanta. Tambayar da ta fi saurin kai mutum ga amsa ita ce: me aka taɓa a baya-bayan nan? Idan an canza soda laim, wato ƙwayoyin da ke shanye kabon dayoksaid, to kwanonsa ne bai zauna daidai ba, ko wata ƙwaya ta maƙale a kan robar da ke toshe bakinsa. Idan an ƙara magani a tukunyar da ke turara maganin barci, to murfinta ne bai ɗauru ba, ko ita kanta ba ta zauna a mazauninta ba, kuma irin wannan yoyo yakan bayyana ne kawai idan an kunna tukunyar, shi ya sa yake iya tsallake gwajin safe. Wasu na'urori suna da wata ƙofar fitar sabuwar iska ta gefe da ake amfani da ita wa da'irar yara. Idan aka bar makunninta a buɗe, sabuwar iska ba za ta shiga da'irar ba ko kaɗan. Akwai kuma kuskure mafi sauƙi a cikinsu duka, wanda yake faruwa ga ƙwararru kamar yadda yake faruwa ga masu koyo: an gama saka bututu, ko an dakatar da numfashi bisa roƙon likitan tiyata, aka manta ba a sake kunna bentileta ba.

Ya kamata ka san irin bentiletar da ke gabanka, domin yoyo ba ya bayyana iri ɗaya a cikinsu. A mai zuga-zugi da ke tashi sama lokacin fitar numfashi, kamar na GE Aisys da Avance, zuga-zugin yana kasa kaiwa sama idan akwai ƙaramin yoyo, ya kuma zube ƙasa gaba ɗaya idan mahaɗi ya cire, wanda alama ce da ido ke gani daga nesa. Tsohon samfuri mai zuga-zugi da ke rataye yana saukowa da nauyinsa ko da an cire majiyyaci, ya ja iskar ɗaki ya ci gaba da motsi kamar babu abin da ya faru. Mai fistin, kamar Dräger Fabius da Apollo, shi ma yana iya jan iskar ɗaki ta wurin yoyon, matsi ya ci gaba da fitowa daidai, amma oksijin da maganin barci su ragu a hankali, kuma jakar numfashi da ta shafe ce za ta fara tona asirin.

Akwai wani tarko da ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙararrawar ƙarancin matsi tana yin ƙara ne kawai idan matsi ya kasa kaiwa iyakar da aka sa. Idan iyakar ta yi ƙasa da yawa, kuma bakin da ya cire ya jingina da matashi ko zane, ko filta tana maƙale a jikinsa, turjiyar da ke nan za ta iya samar da matsin da zai gamsar da na'ura ta yi shiru alhali majiyyaci ba ya samun komai. Maganinsa shi ne a sa iyakar kusa da ainihin matsin ƙololuwa, kimanin santimita 5 na ruwa a ƙasa da shi, a kuma bar ƙararrawar kabon da ta yawan iska a kunne, domin ɗaya ta rufa wa ɗaya baya.

Ƙararrawar yawan matsi

Wannan ita ce ta fi buƙatar tunani, domin sanadinta yana iya kasancewa a ko'ina daga na'ura har zuwa cikin ciki. Kafin komai ka lura da tsarin da bentileta take kai. Idan an saita ta a kan yawan iska, toshewa tana bayyana a matsayin hauhawar matsi, kuma da zarar matsin ya kai iyaka, wadda galibi take wajen santimita 40 na ruwa, na'urar za ta yanke numfashin kafin ya cika. Idan kuwa an saita ta a kan matsi, ƙararrawar yawan matsi ba za ta yi ƙara ba ko da bututun ya toshe, sai dai yawan iskar kowane numfashi ya faɗi. Ke nan ƙarancin iska a wannan tsari yana iya nufin toshewa, ba yoyo ba, kuma hannu a kan jaka ne zai bambanta su.

Ka fara da abin da ake gyarawa cikin daƙiƙu. Ka bi da'irar ka ga ko ta lanƙwashe, ko tayar wani abu ta take ta, ko ruwa ya taru a cikinta. Ka dubi filtar, domin majina ko jini ko ruwan huhu suna iya toshe ta gaba ɗaya alhali daga waje tana da kyau. Ka sa yatsa a baki ka ji ko bututun ya karye a bayan harshe, abin da yakan faru idan ya yi laushi da ɗumin jiki kuma aka sunkuyar da kai, ka kuma ga ko majiyyaci ya cije shi. Idan yana tari, ko cikinsa yana motsi, ko zanen kabon yana nuna ɗan tsagi a samansa, to barci ne ya yi sauƙi ko maganin sassauta tsoka ya ƙare, sai a zurfafa barci a auna ƙarfin tsokar a ƙara magani. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su fentanil da remifentanil, idan aka tura su da sauri, suna iya sandarar da ƙirji har numfashi ya gagara, kuma maganin sassauta tsoka yana warware wannan.

Daga nan sai sauraron ƙirji a ɓangarorin biyu, har ƙarƙashin hammata, tare da zura siririn bututun zuƙa a cikin bututun maƙogwaro. Idan siririn bututun ya wuce har ƙasa ba tare da cikas ba, to bututun a buɗe yake. Idan ya tsaya a hanya, akwai toshewa ko lanƙwasa, kuma idan zuƙa da sace balan-balan ba su buɗe shi ba, a canza shi. Idan numfashi yana jiyuwa a dama amma ba ya jiyuwa a hagu, abin da ya fi yiwuwa shi ne bututun ya nutse cikin reshen dama. A manya, zurfin da aka saba gani a haƙora kimanin santimita 21 ne ga mata da 23 ga maza, amma lambar tana iya zama daidai kuma bututun ya shiga reshe, domin a tiyatar da ake hura ciki da iska a kuma karkatar da kai ƙasa, huhun ne yake matsowa sama ya tarar da bakin bututun.

Na'urar tana da wata hanya ta taimaka a nan idan aka tambaye ta daidai. Ka sa ɗan dakatawa a ƙarshen shigar numfashi ka kwatanta matsin ƙololuwa da matsin dakatawa. Idan na ƙololuwa ya hau shi kaɗai, na dakatawa yana nan inda yake, to hanyar iska ce ta ƙuntata: bututu ya lanƙwashe, majina ta taru, ko hanyoyin iska na huhu sun tsuke. Idan duka biyun suka hau tare, to huhu ko ƙirji ne suka ƙi buɗewa: bututu ya shiga reshe ɗaya, wani sashen huhu ya shafe, ruwa ya cika huhu, ciki ya kumbura, ko iska ta taru a ƙirji a bayan huhu. A hura cikin da ake yi don tiyatar madubi, ka dubi na'urar hurawar ma, domin matsin da aka saba aiki da shi milimita 12 zuwa 15 ne na ma'aunin mekuri, kuma neman a rage shi ko a sassauta karkatar teburin haƙƙinka ne.

Tsukewar hanyoyin iska tana zuwa da shesheƙa mai kama da fito, da tsawaitar fitar numfashi, da zanen kabon da ke hawa a karkace maimakon ya miƙe ya kwanta. Idan ta yi tsanani ƙirjin yana iya yin tsit gaba ɗaya. Ana zurfafa barci da sebofuluren, a fesa salbutamol ta cikin bututu, a rage yawan numfashi a minti domin a ba iska lokacin fita. Batun lokacin fita ba ƙaramin abu ba ne, domin idan sabon numfashi yana shiga kafin na baya ya gama fita, iska tana taruwa har ta danne jinin da ke komawa zuciya, matsin jini ya faɗi. Cire da'irar na 'yan daƙiƙu a bar ƙirji ya sace yana tabbatar da wannan, yana kuma gyara shi nan take. Idan tsukewar ta zo tare da faɗuwar jini jim kaɗan bayan an ba da maganin sassauta tsoka ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, to a ɗauke ta a matsayin anafilaksis, wato mummunan borin da jiki ke yi wa magani, ko da babu ƙuraje a fata, a ba da adirenalin ba tare da jinkiri ba, maikirogiram 50 ta jijiya ga babba a hannun wanda ya ƙware, ana maimaitawa gwargwadon buƙata, tare da ƙarin ruwa.

Iskar da ta taru a ƙirji tana danne huhu da zuciya ita ce ba ta jira. A yi zarginta idan matsi yana hawa, jini yana faɗuwa, ɓangare ɗaya ya yi shiru, musamman bayan rauni a ƙirji, ko saka layin babbar jijiya, ko tiyata kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A kashe naitiros oksaid idan ana ba da shi, domin yana ƙara kumbura iskar. Idan majiyyaci yana durƙushewa ba a jiran hoton ƙirji. Ana sakin iskar da allura ko da ƙaramin yanka, a tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 gaba kaɗan da tsakiyar hammata, ko a sarari na 2 daidai tsakiyar ƙashin wuya da ke kwance a saman ƙirji, sannan a saka bututun ƙirji.

Matsin da ya ƙi sauka

Wasu na'urori suna yin ƙara idan matsi ya zauna sama da kimanin santimita 10 na ruwa har tsawon daƙiƙa 15. Ma'anarsa ita ce iska tana shiga amma ba ta samun hanyar fita, kuma matakin farko shi ne a cire da'irar daga majiyyaci domin huhu ya sace, sannan a yi bincike. Mafi yawan lokuta bawul ɗin APL ne aka bari a rufe bayan an koma jaka, jakar ta kumbura ba wanda ya lura. In ba shi ba, to bawul ɗin fitar numfashi ne ya maƙale, ko bututun da ke kwashe iskar da aka gama amfani da ita ya toshe ko an take shi, ko maɓallin turo oksijin da ƙarfi ya maƙale a danne. Wannan maɓalli yana turo lita 35 zuwa 75 a minti, saboda haka a na'urar da ba ta raba sabuwar iska da numfashin bentileta, danna shi lokacin shigar numfashi yana iya yi wa huhu rauni. Akasin wannan, wato matsi ya faɗi ƙasa da sifili, yana faruwa ne idan majiyyaci yana jan numfashi a jakar da ba ta da iska, ko na'urar kwashe iska tana zuƙa fiye da kima.

Abin da zanen kabon yake faɗa

Zanen da ya kwanta bayan an saka bututu yana nufin bututun yana cikin hanyar abinci har sai an tabbatar da akasin haka. Ƙa'idojin da aka fitar a 2022 kan kauce wa wannan kuskure sun nemi a ga kabon yana fitowa a numfashi 7 a jere aƙalla, ba ya raguwa, kuma ƙololuwarsa ta wuce milimita 7.5 na mekuri. Ɗagawar ƙirji da sauraro da gumi a cikin bututu ba su isa hujja ba. Ko zuciya ce ta tsaya, muddin ana danna ƙirji yadda ya kamata, zanen yana raguwa ne, ba ya shafewa. Idan ya ɓace kwatsam a tsakiyar aiki, ka nemi cirewar mahaɗi, ko zarewar bututu, ko cikakkiyar toshewa, sannan toshewar siririn bututun samfur, wanda hura numfashinka a bakinsa yake gwadawa. Idan ya faɗi cikin 'yan numfashi alhali iska tana shiga daidai, to jini ne ya daina isa huhu yadda ya kamata, sai a taɓa jijiya a nemi zubar jini, ko gudan jini ko iska da suka toshe jijiyar huhu.

Hauhawar kabon sama da milimita 45 na mekuri galibi ƙarancin numfashi ne ko kabon ɗin da jiki ya sha daga hura ciki. Idan kuma zanen ya daina sauka zuwa sifili tsakanin numfashi, to majiyyaci yana sake shaƙar abin da ya fitar, ko dai soda laim ya ƙare ko wani bawul mai hanya ɗaya ya daina rufewa. Ka ƙara sabuwar iska ta wuce jimillar iskar minti ɗaya: idan kabon ɗin da ake shaƙa ya sauka, soda laim ne, ko da launinsa bai koma shunayya sosai ba, idan bai sauka ba, bawul ɗin fitar numfashi ne ake zargi. Kabon da ke ta hawa duk da an ƙara numfashi, tare da saurin bugun zuciya da sandarewar tsoka, yana nuna wani mugun zazzaɓi da maganin barci na shaƙa ko sukzametoniyom ke tayarwa; a kashe tukunyar magani, a buɗe oksijin sosai, a fara dantirolin miligiram 2.5 ga kowane kilo.

Idan oksijin ko wuta suka yanke

Bututun bango yana kawo oksijin a matsin kusan psi 50, kuma ƙararrawar yankewarsa tana tashi idan ya faɗi zuwa wajen 30. A buɗe silindar da ke bayan na'ura, a rage yawan sabuwar iska, a kuma koma numfashi da hannu idan bentiletar mai zuga-zugi ce da oksijin ke tuƙa ta, domin tuƙin kaɗai yana cinye silinda da sauri. Cikakkiyar silinda mai girman E tana ɗauke da kusan lita 660, kuma matsinta yana raguwa daidai da abin da ya rage a ciki, don haka silindar da ke nuna psi 1000 za ta kai kimanin awa ɗaya a lita 5 a minti.

Wani yanayin ya fi wannan haɗari, wato matsin bango yana daidai amma ma'aunin oksijin na cikin da'ira yana faɗuwa duk da an buɗe oksijin zalla. A ɗauka cewa iskar da ke fitowa daga bango ba oksijin ba ce. Buɗe silinda kaɗai ba ya wadatarwa, domin na'urar tana fifita bango muddin matsinsa ya fi na iskar silinda bayan na'urar ta rage mata matsi. Dole ne a zare bututun bangon. Haka kuma ƙaramin ma'aunin oksijin na gefen na'ura galibi daga bango ɗaya yake sha, saboda haka jakar Ambu a haɗa ta da silinda ta daban, ko a yi amfani da iskar ɗaki kafin silindar ta iso. Idan wuta ce ta ɗauke, batirin na'ura an gina shi ya riƙe aƙalla minti 30 idan yana da lafiya, amma a wasu na'urori tukunyar magani da ma'aunin iska duk na lantarki ne, don haka a shirya jakar Ambu da maganin barci na jijiya tun batirin bai ƙare ba.

Bayan majiyyaci ya daidaita

Ba a kiran ƙararrawa ta ƙarya sai an ga ƙirji yana ɗagawa, zanen kabon yana daidai, kuma hannu ya gamsu da jaka. Idan duk waɗannan sun yi kyau amma na'ura tana nuna ƙarancin iska, galibi raɓa ce a ma'aunin gudun iska, musamman a doguwar tiyata da aka yi da ƙarancin sabuwar iska. A busar da shi ko a canza shi, maimakon a sauke iyakar ƙararrawar don a sami shiru. Idan an canza wani sashe na da'ira ko soda laim ko tukunyar magani, a sake gwajin yoyo kafin a mayar da majiyyaci kan na'ura, ta hanyar toshe bakin da'irar, a rufe APL, a cika ta zuwa santimita 30 na ruwa a ga matsin ya tsaya na daƙiƙa 10. Na'urar da ba a gano laifinta ba a fitar da ita daga aiki da rubutu a jikinta, a ajiye da'irar da filtar da aka yi amfani da su domin injiniyan kayan asibiti ya bincika, a kuma rubuta a takardar majiyyaci lokacin da ƙararrawar ta tashi, da saƙon da ta nuna, da mafi ƙarancin oksijin da aka gani, da matakin da ya warware matsalar.